Shin kulob na da ikon hana ɗan wasa zuwa buga wa ƙasarsa?

TAMBAYA: Ni mai goyon bayan Liverpool ne tun ina yaro, kuma Super Eagles ma ba na wasa da lamarinta. Duk sa'ad da Gasar Cin Kofin Afirka ta ƙarato, sai musu ya kaure a gidan kallon unguwarmu. Wasu su ce ƙungiyoyin Turai raina mu suke yi, shi ya sa suke riƙe 'yan wasanmu. Wasu su ce ai kulob ke biyan albashi, don haka shi ke da ta cewa. Don Allah ku warware mana: kulob na da ikon hana ɗan wasa zuwa buga wa ƙasarsa? Me ya sa ake buga gasar a tsakiyar kakar wasa? Sannan ni kaina, in aka ɗauke mana ɗan wasa a watan Janairu raina yakan ɓaci. Hakan rashin kishi ne?

Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Malam, mu fara da doka, don ita ce ke raba gardama. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, tana da jadawalin ranakun da ta keɓe wa wasannin ƙasa da ƙasa. Duk wasan da ya faɗo cikin wannan jadawali, dole ne kulob ya saki ɗan wasan da ƙasarsa ta kira, ko da kuwa wasan sada zumunta ne. Gasar Cin Kofin Afirka tana ciki, daidai da ta Turai da Copa America. Ko an rubuta a kwantiragi cewa ɗan wasa ba zai je ba, wannan sharaɗi ba ya aiki.

Sai dai dokar ta ɗora wa ƙasa nata nauyin. Dole hukumar ƙwallonta ta aika da takardar gayyata a rubuce, aƙalla kwana 15 kafin ranar da za a saki ɗan wasan. In kulob ya ce yaron yana da rauni, ƙasa na da ikon sa likitan da ta zaɓa ya duba shi. In kuwa ɗan wasa ne ya ƙi amsa kira, ba shi da damar buga wa kulob ɗinsa tsawon lokacin da ya kamata a ce yana tare da ƙasarsa, sai in ita ta yafe masa. Wannan ne ya sa a Janairun 2017 kulob ɗinka ya ajiye Joel Matip a wasa biyu, har da wanda ya yi da Manchester United, yana jiran FIFA ta ce ba laifi, saboda Kamaru ta so ya zo shi kuwa ya ce ya daina buga mata. Kamaru ta je Gasar Cin Kofin Afirka a Gabon ba tare da shi ba, ta kuma ɗauko kofin.

Inda kulob ke da cikakken iko shi ne wasan da ba ya cikin jadawalin, kamar ƙwallon maza a gasar Olympics. A 2008 kotun sauraron ƙararrakin wasanni ta duniya ta yanke cewa Barcelona na iya hana Lionel Messi zuwa Beijing. Pep Guardiola, wanda bai daɗe da karɓar ƙungiyar ba, shi ya sa baki aka bar yaron ya buga. Mu muka kwana a ciki, domin a wasan ƙarshe Messi ne ya tura wa Angel Di Maria ƙwallon da Ajantina ta doke yaran Samson Siasia na Najeriya da ita, ci ɗaya mai ban haushi.

To in doka ta fito fili haka, me ke kawo ja-in-ja? Kuɗi ne da rauni. Ka ɗauki mutumin da ya shekara yana sayen harawa da dawa yana kiwon dokinsa, ranar hawan sallah fada ta aiko a kawo shi. Ba shi da ta cewa, amma in dokin ya dawo yana ɗingishi, jinya tana wuyansa. Kulob ke biyan albashi ko ɗan wasa yana nan ko ba ya nan, kuma shekara da shekaru ba a ba shi ko sisi in an dawo masa da shi a karye. A Nuwamban 2004 wani ɗan Maroko, Abdelmajid Oulmers, ya ji rauni a wasan sada zumunta da Burkina Faso, ya yi wata takwas yana jinya. Ƙungiyarsa Charleroi ta Beljiyam ta maka FIFA a kotu, manyan ƙungiyoyin Turai na G-14 suka mara mata baya. Ba a sasanta ba sai a Janairun 2008, aka amince za a riƙa ba ƙungiyoyi wani kaso daga kuɗin manyan gasanni. A Gasar Cin Kofin Duniya ta Qatar a 2022, dala miliyan 209 FIFA ta raba musu. Tun 2012 kuma akwai inshorar da ke biyan albashin wanda ya ji rauni a wasan ƙasa in jinyar ta wuce kwana 28, har zuwa yuro miliyan 7.5. Amma inshora albashi take mayarwa. Makin da kulob ya zubar yana jiran ɗan wasansa ya warke, babu mai dawo masa da shi.

Batun lokaci kuwa, sama ce ta tsara shi tun kafin a san da rigimar kulob. An fara gasar a Khartoum a Fabrairun 1957 da ƙasashe uku kacal, Sudan da Masar da Habasha, shekara uku kafin Turai ta fara tata. A wancan zamani kusan duk 'yan wasan a gida suke buga tamaula, ba wanda zai ce an tauye shi. Watannin Yuni da Yuli da Turawa ke hutu, a yammaci da tsakiyar Afirka damina ce tsababa, a arewacin nahiyar kuma zafi ne mai tsanani. A 2017 hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta yanke shawarar mayar da gasar Yuni da Yuli, aka kuma gwada a Masar a 2019. Daga nan abin bai sake yiwuwa ba. Ta Kamaru an dawo da ita Janairu saboda ruwan sama, annobar korona ta ƙara tura ta 2022. Ta Kwaddebuwa ma ruwan ne ya kai ta Janairun 2024. Ta Maroko kuwa, wadda aka so yi a tsakiyar 2025, FIFA ce ta cike gurbin da sabuwar gasarta ta kulob-kulob 32 a Amurka, sai aka matsar da ita ƙarshen Disamba.

Wannan ba ya nufin masu cewa akwai raini ba su da hujja. A Agustan 2022 shugaban Napoli, Aurelio De Laurentiis, ya fito ƙarara ya ce ba zai ƙara sayen ɗan Afirka ba sai wanda ya sa hannu cewa ba zai je gasar ba. A wannan kakar ce Victor Osimhen ya ci ƙwallo 26 a Serie A, shi da Frank Anguissa na Kamaru suka taimaka wa Napoli ta ɗauki kofin da ta shekara 33 tana nema. Haka kuma gab da gasar Kamaru, matsin lambar ƙungiyoyin Turai ya sa aka ɗage ranar sakin 'yan wasa daga 27 ga Disamba zuwa 3 ga Janairu, alhali ranar 9 za a fara. Kocin da ya tsara atisayen mako biyu ya tashi da kwana shida. Da wuya ka ji an yi wa Jamus ko Ingila haka gab da gasar Turai.

Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Dubi abin da ya faru a kulob guda, a wata guda. A Disamban 2021 Najeriya ta kira Emmanuel Dennis na Watford zuwa gasar Kamaru, lokacin yana kan ganiyarsa a Firimiya. Watford ta ce takardar gayyata ta makara, ta riƙe abinta, Super Eagles ta tafi Garwa ba shi. Ta cinye wasanninta uku na rukuni, Tunisiya ta koro ta gida da ci ɗaya. Ita dai Watford ɗin ta so riƙe Ismaila Sarr da hujjar rauni a gwiwa. Senegal ta tsaya kai da fata a kan haƙƙinta, ta ce za ta kai ƙara FIFA, Sarr ya tafi, ya murmure ana tsakiyar gasa, ya ci ƙwallo, aka ɗaga kofi da shi a Yaounde. Kulob yakan lallaɓa ya ga inda ƙofa take a buɗe, kuma sau da yawa jami'anmu ne ke barin ta a buɗe.

Shi kuwa ɗan wasa, kada ka yi saurin yanke masa hukunci. Yakan baro inda komai ke a tsare, ya zo ya tarar da rigimar alawus, irin wadda ta sa Super Eagles ƙin fita atisaye a Brazil a 2014 ana gab da karawa da Faransa. Ko ya tarar da irin abin da ya faru a Oktoban 2024, da aka karkatar da jirginsu zuwa filin Al Abraq na Libiya, suka kwana a kan kujeru, har CAF ta ba Najeriya wasan da ci uku da nema. Duk da haka suna zuwa. In kuma suka ji rauni, kowane ɓangare ya ɗora musu laifi. Da Mohamed Salah ya ji ciwo a wasan Masar da Ghana a Janairun 2024 ya koma Liverpool jinya, a gida an ce ya gudu ya bar 'yan uwansa, a Ingila kuma ana ƙorafin an lalata musu shi.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Ɓacin ranka ba rashin kishi ba ne, sabo ne. Kulob kana ganinsa kowane mako, wasa 38 a Firimiya kaɗai ban da na kofuna, ita kuwa ƙungiyar ƙasa sai jefi-jefi take haɗuwa a shekara. Amma ka sani tsoron yakan fi ɓarnar yawa. A Janairun 2022 Salah da Sadio Mane da Naby Keita duk sun tafi Kamaru, Liverpool ta je har gidan Arsenal ta ci biyu ta hannun Diogo Jota, ta kai wasan ƙarshe na kofin Carabao. Kuma kulob ya san asalin ɗan wasa ranar da ya saye shi, ya san jadawalin gasar, don haka wanda bai yi tanadin madadi ba shi ya so.

Saboda haka in aka ce an hana wani zuwa, kafin ka ɗauki ɓangare ka binciki ko wasan yana cikin jadawalin FIFA, ko takarda ta isa a kan lokaci, in kuma rauni aka ce, ko likitan ƙasar ya duba shi. In duk an cika waɗannan aka riƙe shi, kulob ya karya doka, kuma hukumar ƙwallon ƙasar na da inda za ta kai ƙara. In ba a cika ba, a nemi bayani daga jami'an da aikinsu ke nan. Allah ya sa mun warware maka.