Motar tafi-da-gidanka da talabijin mai tsinkewa: inda sigina ke ɓacewa da yadda ake nemo ta

Sunan tafi-da-gidanka da Hausawa suka laƙaba wa wayar salula ya fi dacewa da wata irin mota da ake yawan gani a titunan Amurka da Kanada, wadda suke kira RV. A cikinta akwai gado, da madafa, da banɗaki, da talabijin. Wasu hutu kawai suke zuwa da ita, wasu kuwa ita ce gidan nasu gaba ɗaya. A saman rufinta ana ɗora eriya da ke kamo tashoshin da ake watsawa kyauta ta iska, irin su ABC, CBS, NBC, FOX da PBS, babu kuɗin wata, babu cin data.

Kukan da masu waɗannan motoci suka fi yi guda ne: an yada zango, an kunna talabijin, sai ko dai allo ya ce babu sigina, ko hoto ya riƙa daskarewa yana farfashewa, murya na yankewa. Abin ya wuce batun nishaɗi. A dazuzzuka da gandaye da yawa babu sabis ɗin waya, kuma a jihohi irin su Oklahoma da Kansas, inda mahaukaciyar guguwa ke tasowa a bazara, tashar talabijin ta yankin ce ke nuna inda hadarin ya dosa. Motar irin wannan ba mafaka ba ce a gaban guguwa. Duk da haka da yawa kan garzaya su sayi sabuwar eriya ko busta, alhali a lokuta da dama gyaran bai buƙatar ko sisi.

Me ya sa hoton ke ɗaukewa gaba ɗaya?

A ranar 12 ga Yuni, 2009 manyan tashoshin Amurka suka daina watsa shirye-shirye a tsohon tsarin analog, suka koma dijital. A da, idan sigina ta yi rauni, hoto ne zai yi dishi-dishi amma ana iya lallaɓawa a kalla. Dijital ba ta san wannan lallami ba. Muddin sigina ta kai wani mizani, hoto zai fito tangaran. Da zarar ta gaza da ɗan kaɗan, komai ya tsaya. Wannan na nufin talabijin da ke cewa babu sigina wataƙila saura ƙiris ya kama. Juya eriya kaɗan, ko ɗaure bakin kebul da ya saki, na iya isa ya tsallake mizanin.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi

A bangon cikin motar, galibi kusa da talabijin ko cikin kabad ɗin da ke samansa, akwai wani ɗan faranti mai bakin kebul da ƙaramin maɓalli da 'yar fitila, yawanci koriya. Mutane na kiransa busta, amma a yawancin motoci ainihin bustar tana can sama cikin kan eriyar. Aikin farantin shi ne ya tura wutar batir mai ƙarfin bolt 12 ta cikin kebul zuwa sama. Idan fitilar a kashe take, eriyar kamar ba ta nan. Abin da ke rikita mutane shi ne maɓallin yana da aiki biyu: wasu wuraren yada zango na ba baƙi kebul ɗin tashoshinsu na biya, kuma don a kalle su dole a kashe maɓallin. Mutum ya kwana biyu a irin wannan wuri, ya wuce gaba ya manta, sai ya kama zagin eriya.

Irin wannan mantuwar na faruwa a saitin talabijin ɗin kansa. A wurin neman tashoshi akwai zaɓi tsakanin Air ko Antenna da kuma Cable. Idan aka bar shi a kan Cable, zai yi ta laluben tashoshi a inda babu su.

Na uku shi ne sake binciken tashoshi. Talabijin na riƙe jerin da ya samu a bincikensa na ƙarshe, kuma tashoshin Denver ba su ne na Dallas ba. Duk inda aka sauka sai an sake danna Auto Scan, ko da tafiyar kilomita hamsin ce aka yi.

Tsayi da alkibla

Siginar talabijin kusan a miƙe take tafiya, ita kuwa duniya a lanƙwashe take. Injiniyoyi na da ɗan lissafi mai sauƙi: nisan da sigina ke kaiwa a kilomita ya kai kusan 4.1 sau tushen murabba'in tsayin eriya a mita. Hasumiya mai tsayin mita 300 za ta ba da kusan kilomita 71, eriyar mota da ke mita 4 daga ƙasa ta ƙara kusan 8, jimilla kusan 79 a fili mai shimfiɗe. Shi ya sa ake kai na'urorin watsawa kan duwatsu, kamar dutsen Mount Wilson da ke saman Los Angeles, mai tsayin sama da mita 1,700. Shi ya sa kuma duk kwalin eriyar da ya yi alkawarin kamo tasha daga mil ɗaruruwa, tallar kasuwa ce kawai.

Wuraren da matafiya suka fi so, wato cikin kwari, bakin rafi, ƙarƙashin manyan itatuwa, su ne mafi muni ga sigina. Ganye, musamman jiƙaƙƙe, na shanye ta. Babbar motar maƙwabci ma na iya tare ta. Wani lokacin matsar da mota mita biyar ya fi duk wani gyara amfani. Ita kuwa eriyar cikin ɗaki da ake mannawa a bango ba ta cika aiki a motoci masu jikin alminiyam irin Airstream ba, domin ƙarfen na kange sigina. Sai dai a manna ta a tagar da ke fuskantar hasumiya.

A nan ne wayar hannu ke shigowa. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, tana da taswira a shafinta mai suna DTV Reception Maps, inda ake rubuta adireshi ta nuna tashoshin da ke kusa, da ƙarfinsu, da alkiblar hasumiyarsu. Akwai kuma AntennaWeb da RabbitEars. Mai dabara kan duba tun kafin sabis ya ɗauke, ya ɗauki hoton allo ya ajiye. Sai ya buɗe kamfas ɗin waya, amma a wajen mota, nesa da ita da 'yan taku, saboda ƙarfe na karkatar da shi.

Akwai wani tarko a lambobin tashoshi. Lambar da ke bayyana a allo ba lallai ita ce ainihin zangon da ake watsawa a kai ba. WCBS ta New York tana nuna lamba 2, amma tana watsawa a kan tasha ta 36. Bambancin na da nauyi, domin tashoshi 2 zuwa 13 suna rukunin VHF, su kuwa 14 zuwa 36 suna UHF, daga 470 zuwa 608 MHz. Igiyar tasha ta 7 ta kai tsayin kusan mita 1.7, ta saman UHF kuwa rabin mita ce. Doguwar igiya na son dogayen fukafukai. Tsohuwar eriyar Winegard Sensar, mai kama da jemage ya buɗe fiffike, gwana ce a VHF, amma yawancin manyan tashoshi yanzu suna UHF. Don haka kamfanin ya fito da wani ƙarin ƙarfe mai suna Wingman da ake maƙala mata. Sababbin ƙananan eriyoyi masu kama da faifai kuwa ba sai an juya su ba, sai dai ba su kai mai alkibla jawo tasha mai nisa ba, kuma sukan sha wahala a ƙananan tashoshin VHF. Idan tasha ɗaya ce tak ta ƙi fitowa sauran na nan lafiya, a fara duba rukunin da take kafin a zargi kebul.

Wajen juyawa a yi a hankali. Hoton dijital na ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya amsa, mai gaggawa zai wuce wurin bai sani ba. Talabijin ba ya nuna ƙarfin tashar da bai taɓa samu ba, saboda haka akan yi bincike, a juya eriyar kwata, a sake. Eriyoyi irin King Jack, da farantin SensarPro, na da ma'aunin da ke nuna ƙarfin sigina tun kafin bincike, wanda ke rage wannan wahala.

Cajar waya ma na iya zama ɓarawon

Wannan ne ɓangaren da ake yawan tsallakewa. Cajar waya mai arha, da ƙwan LED, da inbata, da na'urar da ke cajin batir daga sola, duk suna sarrafa wuta ta hanyar kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa. Idan masana'anta ta yi rowar kayan tacewa, wannan aikin na fitar da hayaniyar rediyo, kuma tashoshin VHF suka fi jin jiki. A gida eriya na can saman kwano nesa da soket, a mota kuwa tazarar da ke tsakanin ƙwan silin da eriyar ba ta da yawa.

Alamarta a fili take: hoto lafiya lau da rana, da magariba aka kunna fitilu sai ya fara tsinkewa. Gwajin ba wuya. A kashe komai in ban da talabijin da busta, a tsaya kan tashar da ke ba da matsala, sannan a riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya daskarar da hoto shi ne mai laifi. Sauya caja ko ƙwai ɗaya ya fi sauya eriya arha nesa ba kusa ba.

Kebul da mahaɗansa

Mota na jijjiga, rana na dukan rufinta, ruwa na sauka a kai. Bakin kebul ɗin da ke shiga kan eriya shi ke fara gajiya: ya saki, ko ruwa ya shiga ya yi tsatsa. A eriyar da ake ɗagawa da saukewa kuwa, ɗan guntun kebul ɗin da ke lanƙwashewa kullum kan karye daga ciki alhali fatarsa lafiya.

Da mitar awon wuta ake ganewa. A kunna maɓallin bango, a hau rufi cikin natsuwa kuma ba a jiƙe ba, a kwance kebul daga kan eriya, a saita mita a kan DC, jan tsinke a siririyar wayar tsakiya, baƙi a ƙarfen gefe, ba tare da an bari su haɗu ba. Ya kamata a ga kusan bolt 12. In babu, a sake awo a farantin bango. Akwai wuta a ƙasa babu a sama, kebul ne. Babu ko a ƙasa, a duba fiyus da batir. Akwai wuta har sama amma shiru, to yanzu ne za a fara zargin kan eriyar. Wata hanyar ita ce a zuro sabon kebul ta taga daga eriya zuwa farantin. In hoto ya dawo, an san wanda ke cikin bango ya lalace.

Sifilita, wato 'yar na'urar da ke raba sigina zuwa talabijin na ɗakin kwana da na waje, tana da nata harajin. Mai baki biyu na rage kusan 3.5 dB a kowane baki, fiye da rabin ƙarfin ke nan, mai baki huɗu kusan 7 dB. Ko da ba a jona komai a sauran bakunan ba, asarar na nan. Kebul ɗin RG6 kuma ya fi siririn RG59 riƙe sigina a UHF.

Busta ba ta ƙirƙirar sigina

Abin da busta ke yi shi ne ƙara wa abin da eriya ta kamo ƙarfi don ya jure asarar kebul da sifilita. In eriyar hayaniya ta kamo, hayaniyar za ta ƙara. Jera busta ta biyu a bayan ta farko kan dagula lamarin ne. Kusa da hasumiya ma sigina na iya yin yawa har ta toshe bustar, tashoshi su ɓace a tsakiyar birni; maganin a nan shi ne rage ƙarfin in farantin na da wurin ragewa, ko kawar da eriyar daga fuskantar hasumiyar kaɗan.

Turakun waya ma na toshe ta. Bayan gwanjon da FCC ta kammala a 2017, an kwashe tashoshin talabijin daga lamba 38 zuwa 51, aikin ya ƙare a 2020, kamfanonin waya irin T-Mobile suka karɓi zangon. Bustocin da aka ƙera kafin nan har yanzu suna ƙara wa wannan zango ƙarfi, suna ɗauka talabijin ne. Idan matsalar na tasowa ne duk lokacin da aka sauka kusa da turken waya, 'yar matatar LTE na iya taimakawa, amma wurinta gaban busta ne. A eriyar da bustarta ke cikin kai, matatar da aka saka a ƙasa ba za ta hana toshewar da ta riga ta faru a sama ba.

Mai eriyar GOtv ko StarTimes a kan gora a Kano ko Kaduna zai gane yawancin wannan, domin UHF ce iri ɗaya, kebul iri ɗaya, tsatsa iri ɗaya. Bambancin yana ga yaren siginar. Najeriya, wadda ta ƙaddamar da sauyawa zuwa dijital a Jos a watan Afrilun 2016, tana kan tsarin DVB-T2, Amurka kuwa ATSC. Talabijin da aka shigo da shi daga Amurka ba zai kama tashoshin dijital na Najeriya da kansa ba, komai tsadar eriyar, sai an jona masa dikoda ta bakin HDMI.

Tsarin ATSC na farko kuma ba a gina shi don abin da ke tafiya ba, saboda haka hoton da ke tsinkewa a kan hanya ba lalacewa ba ce. Eriyar jemage ma ba a tuƙi da ita a tsaye. Reshe ko ƙasan gada zai tafi da ita. Wasu direbobin kan rataye makullin mota a jikin hannun da ake murzawa a ɗaga ta, yadda ba za a tayar da inji ba sai an sauke ta.