Abincin Gargajiya da Gyambon Ciki

Gabatarwa

A Hausa, gyambo shi ne miki mai wuyar warkewa, irin wanda kan fito a ƙafa. Daga nan aka samo sunan gyambon ciki, wanda aka fi sani da olsa, wato miki a bangon ciki ko a farkon ƙaramin hanji. A wannan ɗan rubutu zan duba maganar da na sha ji a bakin ɗalibai, cewa yunwa da yaji ne ke kawo shi.

Me Ke Haddasa Shi?

A shekarar 1982 wasu likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori da ke zaune a cikin ɗan Adam. Ita ce babbar mai haddasa gyambon ciki, kuma saboda wannan aiki aka ba su kyautar Nobel a 2005. Abu na biyu shi ne yawan shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen. Yunwa da barkono kuwa sukan tayar da raɗaɗi ga wanda ya riga ya kamu.

Matsayin Abinci

A 1975 likita Frank Tovey da abokin aikinsa sun nuna cewa gyambon hanji ya fi yawa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, inda ake cin doya da rogo, fiye da ƙasashen gero da dawa. A Indiya ma ya fi yawa a kudu, wajen masu cin shinkafa, fiye da arewa, wajen masu cin alkama da dusarta. Tovey ya danganta hakan da wani mai da ke cikin hatsin da ba a surfe ba. A fahimtata, tuwon dawa da fura suna iya taimaka wa ciki, amma ba su kashe ƙwayar cutar. Madara ma takan kwantar da ciwon na ɗan lokaci, sannan ta ƙara ruwan tsamin ciki.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, mai yawan ciwon ciki ya je asibiti a gwada shi. Idan an samu ƙwayar, maganin kamar mako biyu kan kawar da ita. Wanda ya ga aman jini ko baƙin bayan gida kuwa, ya garzaya asibiti nan take, domin alama ce gyambon yana zubar da jini.