Kusurwar Turanci: Daga Karar Wudil Zuwa Ƙamusun Oxford

Duk ɗan Achika ya san yadda karar Wudil ke cika da shanu ranar Juma'a, don haka da su za mu buɗe darasin yau.

Kalmar "cattle", wadda muke fassarawa da shanu, ba shanu take nufi ba tun asali. Daga Faransanci ta shigo Turanci, bayan da mutanen Normandi suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma ma'anarta a lokacin ita ce dukiya. Da yake dabbobi ne yawancin abin da mutum ke mallaka a wancan zamani, sai sunan ya manne musu, daga baya ya tsaya kan shanu kaɗai. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. In makiyayi ya ce dukiyarsa ta fita kiwo, ba mai tambayarsa wace dukiya. Mutanen Normandin nan ne kuma suka kawo "beef" da "mutton". Shi ya sa har gobe saniya ke da suna ɗaya tana raye, wato "cow", da wani dabam in ta shiga tukunya.

Irin waɗannan suna da yawa. "Meat" a da kowane irin abinci ne, ba nama kaɗai ba. "Girl" kuwa ƙaramin yaro ne, namiji ko mace. Wadda ta fi ba mu dariya a kulob ita ce "nice": shekara 700 da suka wuce, in aka ce maka haka, wawa aka kira ka.

Da Turawa suka shigo Kano a 1903, kalmominsu suka faɗa bakin kakanninmu, su ma suka yi musu gyaran fuska. "Shilling" ta koma sule, "sixpence" ta koma sisi, "copper" ta koma kwabo. An daina kashe sule da sisi tun da aka kawo naira a 1973, amma har yau wanda aljihunsa ya bushe cewa yake ko sisi ba shi da shi. Ita "copper" tafiyarta ta fi tsawo. Ta zama sunan ƙaramin kuɗinmu, "kobo", kuma da wannan sabuwar kama ta sake komawa ƙamusun Turanci.

A watan Janairun 2020 masu kula da babban ƙamusun Oxford suka sanar da shigar da kalmomi da salon magana 29 daga Najeriya. A ciki akwai "Kannywood", sunan masana'antar fina-finanmu ta Kano, da "okada", da "next tomorrow", wato jibi. A farkon 2025 aka ƙara wasu, har da "japa" da "suya". E, suyar nan tamu ta bakin titi.

To, a nan ne muke son a buɗe kunne, musamman 'yan aji uku masu jiran WAEC da NECO. Ƙamus ba ya ƙirƙirar kalma. Aikinsa shi ne rubuta abin da mutane suka riga suka saba faɗa, tare da nuna inda ake faɗarsa. Ya karɓi "next tomorrow", amma ya yi mata alamar cewa Turancin Najeriya ce. Saboda haka shawararmu ita ce, in an ce ka rubuta wasiƙar neman aiki ko wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta, rubuta "the day after tomorrow". Haka ma "go-slow". Mu cunkoson motoci muke nufi da ita, amma a Ingila ma'aikata ne ke jan ƙafa a bakin aiki don nuna fushi. A jarrabawa "traffic jam" ce ba ta da haɗari. A hirar tsakar gida ko filin ƙwallo kuwa, ba mu ga dalilin da za a yi wa wani dariya don ya yi Turancin ƙasarsa ba.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya tambayi kakansa ko kakarsa kalmomin Hausa uku da suka samo asali daga Turanci waɗanda yanzu ba a cika jin su ba. A rubuta su a takarda tare da suna da aji, a miƙa wa sakataren kulob kafin ranar Alhamis. Waɗanda suka fi armashi za mu liƙa su a wannan allo.