Lissafin Kaso: Yadda Ake Raba Abu Bisa Gwargwado

Sau da yawa akan ga abokan ciniki, ko ma 'yan'uwa na jini, sun ɓata saboda rabon riba, alhali kuwa babu wanda ya yi niyyar cutar wani. Rashin sanin hanyar lissafi ne kawai ya haɗa su. Wannan darasi zai nuna wa mai karatu hanyar da zai bi, ko a kasuwa yake, ko a wurin gini, ko a ɗakin jarrabawa.

Ma'anar kaso

Idan aka ce a raba abu "biyu ga uku", akan rubuta shi haka: 2:3. Ma'anarsa ita ce, duk lokacin da na farko ya ɗauki biyu, sai na biyu ya ɗauki uku, har abin ya ƙare. Sirrin wannan lissafi ɗaya ne: a fara gano abin da kaso guda ya ƙunsa. Da zarar an same shi, sauran aiki ninkawa ce kurum.

Misali na farko: rabon riba

Audu ya zuba jarin N200,000, Bala ya zuba N300,000, suka yi cinikin hatsi, suka sami ribar N150,000. Nawa kowa zai samu?

Jarinsu 2:3 ne. A haɗa 2 da 3, an sami kaso 5. A raba N150,000 gida 5, kowane kaso N30,000 ke nan. Audu mai kaso 2 zai karɓi N60,000, Bala mai kaso 3 zai karɓi N90,000. A haɗa su a gani: N150,000 cif.

Abin lura a nan: 2:3 ba "biyu bisa uku" ba ne. Wanda ya ɗauke shi haka zai ba Audu N100,000, ya tauye Bala. Rabon Audu biyu bisa biyar ne.

Misali na biyu: kwaɓin kankare

Wani lokaci ba jimla ake bayarwa ba, sai ɓangare ɗaya. Sanannen kwaɓin kankare shi ne 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Magini yana da siminti kwano 6. Yashi da tsakuwa nawa zai zuba?

A nan babu bukatar haɗawa, domin an riga an san kaso guda, wato kwano 6. Yashi zai zama 6 sau 2, kwano 12. Tsakuwa kuwa 6 sau 4, kwano 24. Wajibi ne a auna duka ukun da mazubi iri ɗaya. Wanda ya ƙara yashi don tsimin siminti ya raunana gininsa, ya kuma jefa rayukan masu shiga cikin hatsari.

Misali na uku: rabon gado

A shari'ar Musulunci ɗa namiji yana da rabon 'ya'ya mata biyu, wato 2:1. A ce an biya bashi, an zartar da wasiyya, an fitar da haƙƙin sauran magada, abin da ya rage wa 'ya'ya N700,000 ne, ga maza 2 da mata 3. Maza suna da kaso 4, mata suna da kaso 3, jimla 7. Kaso guda N100,000 ne. Saboda haka kowane namiji N200,000, kowace mace N100,000. Wannan lissafi ne kawai. Tantance magada aikin alƙali ne da malamai.

Gwada da kanka

Manoma biyu sun raba masara 3:5. Mai kaso babba ya fi ɗan'uwansa da buhu 8. Buhu nawa suka raba gaba ɗaya? Ka lura cewa bambancin 5 da 3 kaso 2 ne, kuma shi ne buhu 8. Idan ka sami buhu 32, ka yi daidai.

Kafin ka miƙa wa kowa rabonsa, sake haɗa amsoshinka ka tabbata sun koma jimlar farko. Ka kuma koya wa na kusa da kai, domin adalci a rabo shi ke tsawaita zumunci.