Kafin ka juya waƙa ko ka buga ta a faifai

Kai mai shagon tura waƙa, da kai mai ajiyar tsofaffin kaset-kaset na Shata da Ɗankwairo, ku nake yi wa magana, domin a hannunku sautin nan yake lalacewa.

Kada ka taɓa juya MP3 zuwa wani MP3. Wannan ne babban laifi, kuma shi aka fi aikatawa. Faifan CD na waƙa, wanda kamfanonin Sony da Philips suka ƙirƙiro ya shigo kasuwa a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, yana zubo kilobit 1,411 a daƙiƙa. MP3 mai kilobit 128 bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Ragowar an zubar da ita ne don fayil ya ƙanƙance, kamar yadda mai tankaɗe ke zubar da abin da ya tsaya a rariya. Duk juyi na biyu sabon tankaɗe ne. Sa kunne ka ji: kaifin kalangu ya dushe, muryoyin 'yan amshi sun cakuɗe, tafi ya koma kamar ana watsa ruwa.

Kada kuma ka yaudari kanka ko mai saye da mayar da 128 zuwa 320, ko zuwa WAV. Fayil ne kawai zai kumbura, sautin yana nan yadda yake. Sayar da irin wannan da sunan "orijina" ha'inci ne.

Ka ajiye uwar kwafi a WAV ko FLAC. FLAC yana matse fayil zuwa kusan rabi ba tare da ya zubar da komai ba. Duk mai son MP3 na waya, daga uwar za ka cire masa, kuma kada ya gaza 192 in kiɗa ne.

Kaset kuwa, a nan nake so ka natsu, don wani kaset ɗin babu irinsa a ko'ina. Ka goge kan rikoda da auduga da ɗan sifirit, ka bari ya bushe. Ka haɗa rikoda da kwamfuta da waya, kada ka kanga wayar salula a bakin lasifika tana ɗauko ƙarar janareta da tarin mai wucewa. A manhaja irin Audacity ka zuba ido a kan ma'aunin ƙarfin sauti: kada ya taɓa sifili, kada ya yi ja. Ka bar shi wajen maki shida ƙasa da sifili. Sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya, wanda ya fashe kuwa ya fashe ke nan. Kuma ka sassauta hannu wajen cire shuuu ɗin kaset. In ka matsa, da shi da zaƙin kuntigin Ɗan Maraya za su tafi tare. Ka adana ɗanyen ɗauka daban kafin ka gyara komai.

Kada ka ɗauki waƙar da aka naɗa ta saƙon murya na WhatsApp ka buga a faifai. In tilas ne a turo, a turo ainihin fayil ɗin a matsayin takarda.

Wajen bugawa, ka tambayi mai faifai a ina zai saurara. Tsohuwar rediyon mota ba ta karanta MP3, sai faifan waƙa zalla, shi kuma da minti ake auna shi: minti 80 ne iyakarsa, komai ƙanƙantar fayilolinka. Kada ka ƙure gudun na'ura don layi ya yi tsawo; sau 8 ko 16 ya isa. In karatun Alƙur'ani ne ko tafsiri da aka yanka gida-gida, ka cire shirun daƙiƙa biyu da manhaja ke sakawa tsakani, don kada ya katse aya.

Ka saurari faifan kafin ka miƙa, farko da tsakiya da ƙarshe.

Kada ka rubuta suna a kan faifai da biro. Bayanan suna dab da fuskar da ake rubutu a kai, karce ɗaya ya isa ya kashe waƙa. Ka nemi maka mai laushin baki. Gogewa daga tsakiya zuwa gefe ake yi, ban da zagayawa. Kada ka bar faifai a gaban mota rana tana dukansa, kuma uwar kwafin nan ka ajiye ta a wuri biyu, ɗaya ba a cikin shago ba.