Abin da Ya Rage Bayan Ɗori

Mu da muka tashi a ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, da wuya a sami ɗayanmu wanda bai taɓa ganin an yi wa wani ɗori ba. Wani yaro ne ya faɗo daga kan mangwaro, wani amalanken rake ya danne masa ƙafa, wani kuwa babur ya ka da shi wajen Tashar Yari, bisa hanyar Zariya zuwa Kano. A kai shi ga maɗori ko asibiti, a ɗaure. Ran da aka kwance sai dangi su yi ta barka, ai magana ta ƙare. Amma sau da yawa mukan gamu da mutumin bayan shekara, mu tarar gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, ba ya iya zaman tahiya sai ya miƙe ƙafa, balle ya duƙa da fartanya. Ƙashi ya haɗe, gaɓa ta sandare.

Dalilin wannan ba boyayye ba ne. Gaɓar da aka hana ta motsi makonni da yawa, jijiyoyi da fatar da ke kewaye da ita sukan taƙure su bushe kamar ƙirgi. Tsoka kuma ta rame. Kowa ya gwada cinyar da aka ɗaure da 'yar'uwarta da zare, zai ga bambanci tun kafin wata ya cika. Shi kansa ƙashin haka ne. Wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya nuna a 1892 cewa ƙashi yakan yi ƙwari gwargwadon nauyin da ya saba ɗauka, in ya rasa aiki kuwa sai ya raunana. To, ƙashin babban mutum yakan ɗauki kamar mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe, na yaro bai kai haka ba. Wannan lokaci ya isa a yi asara mai yawa in an zauna kurum.

Saboda haka aiki yakan fara tun ɗori yana ɗaure. Duk gaɓar da ba a ɗaure ba a riƙa motsa ta kullum, watau in hannu ne, yatsu da kafaɗa. Tsokar da ke cikin ɗaurin kuma a riƙa ɗame ta ana saki, ba tare da an motsa wurin karayar ba. A nan lalle mu yi gargaɗi: in yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, ko suka mutu ba a jin taɓi, ko zafi ya tsananta, ɗaurin ya matse jini ke nan. Kada a kwana, a nufi asibiti. Jinkiri a kan wannan ya sa an yanke wa yara da yawa hannu.

Bayan an kwance, sai a bi hawa hawa. Da fari wani ne zai kama gaɓar ya lanƙwasa a hankali iyakar inda ta yarda. Sa'an nan mai ciwon ya yi da kansa da ɗan taimako, misali ya rataya igiya a azara ko reshe, hannu mai lafiya ya jawo mara lafiya sama. Kana ya yi shi kaɗai. Daga ƙarshe a ƙara masa nauyi.

Wannan hawa na ƙarshe shi ne mutane suka fi kuskurewa. A 1945 wani likitan soja a Amurka, Thomas DeLorme, ya ga sojojin da suka ji rauni a yaƙi suna daɗewa ba su sami ƙarfi ba, sai ya sa su ɗaga nauyi, yana ƙara musu kaɗan kaɗan. A 1948 aka daidaita hanyar kamar haka. A nemi nauyin da mutum zai iya ɗagawa sau 10 ba ƙari. Ya ɗaga rabinsa sau 10, ya huta, ya ɗaga kashi uku cikin huɗu sau 10, ya huta, kana ya ɗaga dukansa sau 10. Mu ba mu bukatar ƙarfen Turawa. In mudu huɗu na dawa ne iyakarsa, a zuba biyu a jaka a ɗaura masa a idon sawu, sa'an nan uku, sa'an nan huɗu. In mako ya kewayo a sake gwadawa, a ƙara. Zafin da ya lafa bayan hutu ba kome, amma wanda ya kwana har gari ya waye, ko ya zo da kumburi, alama ce an zarce, sai a rage. Taka ƙafa kuwa sai likita ya duba hoton ƙashi ya yarda.

Mu masu shirin zama malaman makaranta, gwiwar hannun yaro za mu fi gamuwa da ita. An saba a murza ta da ƙarfi, ko a ba yaro bokitin ruwa ya riƙe wai don ta miƙe. Mu ma dā muna zaton dabara ce. Ashe tilasta mata yakan sa ƙashi ya tsiro cikin tsoka, ta ƙara ƙagewa. Gara a bar yaro ya miƙa ta da kansa, wajen share allo da kai loma baki da wasa da 'yan'uwansa.

In gaɓa ta yi makonni ba ta ƙara sakuwa ba, akwai masu wannan sana'a, waɗanda jama'a ke kira likitocin gashin ƙashi, ko da yake motsi ya fi gashi yawa cikin aikinsu. A 1945 aka soma ta a Nijeriya, a asibitin Igbobi na Ikko. Mutumin Hunƙuyi ko Maƙarfi zai same su a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko a asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. Sukan auna iyakar inda gaɓa ta tsaya su rubuta, su koya wa mutum abin da zai riƙa yi a gida, su sa masa ranar komowa a sake awo.