Kafin ka biya kuɗin yawon jirgin ruwa, ka san abin da kake saye

A ofishinmu na shirya tafiye-tafiye, Umara da tikitin Dubai da na Sin su ne cinikin yau da gobe. Sai dai a 'yan shekarun nan wata sabuwar tambaya ta shigo, galibi daga angwaye masu neman inda za su kai amare hutu, ko wani Alhaji da 'ya'yansa suka nuna masa bidiyo a TikTok: nawa ake shiga ƙaton jirgin ruwan nan mai otal a cikinsa?

Harkar ta bunƙasa, babu ko tantama. Ƙungiyar kamfanonin jiragen yawo ta duniya, CLIA, ta ƙirga fasinja miliyan 31.7 a 2023, wato sun haura miliyan 29.7 na 2019, kafin korona ta tsayar da komai cak. Jiragen ma sai ƙara girma suke yi. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, da ya fara tashi daga Miami a Janairun 2024, tsawonsa kusan mita 365 ne, yana ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000.

Abin da nake fara gaya wa duk wanda ya zauna gabana shi ne, ɗaki da abinci ka saya. Jerin garuruwan da ke jikin talla ba alkawari ba ne. Takardar sharuɗɗan da mutane ke sa wa hannu ba su karanta ba ta ba kamfani damar canza tasha saboda iska ko tsaro ko dokar gari, kuma dalilan canzawar yanzu sun yawaita. Tun Agustan 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar Venice, sai a sauke ka a wata tasha, ka ƙarasa da mota ko ƙaramin kwale-kwale. Girka ta sa harajin Yuro 20 a kan kowane fasinja da ya sauka Santorini ko Mykonos a lokacin cunkoso. Mutanen waɗannan wurare sun gaji da baƙi dubbai da ke sauka da hantsi, su cika lunguna, su koma jirgi cin abinci. Ni dai ban ga laifinsu ba. Sannan tun ƙarshen 2023, hare-haren 'yan Houthi a Bahar Maliya suka sa kamfanoni da dama soke bi ta mashigin Suez, wasu jiragen suka zagaya ta Afirka ta Kudu.

Jiragen kogi kuwa ruwa ne matsalarsu. A 2018 da 2022 kogin Rhine ya ja baya sosai, musamman wajen garin Kaub a Jamus, har aka riƙa ɗibar fasinjoji a bas daga wannan jirgi zuwa wancan. Wanda ya biya kuɗin kallon kogi ya ƙare da kallon kwalta.

Inda mai koren fasfo ya fi shan wahala shi ne biza. Bature ko Ba'amurke ya ɗauki jaka ya shige. Kai kuwa kowace ƙasa da jirgin zai tsaya sai an duba ko kana da izinin shigarta, ko da ka rantse ba za ka sauko ba. Jirgin da ya tashi daga Italiya ya tsaya Turkiyya sannan ya dawo Girka ya fitar da kai daga yankin Schengen ya maido ka, don haka biza mai shiga sau ɗaya ba ta wadatar ba. Na ga iyalin da suka biya ta intanet da kansu, suka isa bakin jirgi da akwatuna, aka duba fasfo aka ce su koma gefe. Ko sisi ba a maido musu ba, domin neman biza a wuyan fasinja yake. Haka mai juna biyu: yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar wadda cikinta zai kai mako 24 a lokacin tafiyar.

Farashin talla ma na ɗaki ne na can ciki, marar taga. Ranar shiga za a ba ka kati guda, shi ne makullin ɗaki, shi ne kuma aljihunka. Tukuicin ma'aikata, wanda a manyan kamfanoni yakan kama dala 16 zuwa 20 kowace rana a kan kowane mutum, da intanet da lemo da ganin likita, duk a kan katin ake rubutawa, sai daren ƙarshe lissafi ya fito.

Ga masu tambayar abincin halal da wurin salla, Saudiyya ta shigo kasuwar. Jirgin Aroya ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, babu giya a cikinsa, kuma akwai wuraren salla. A sauran jiragen, tun wajen biyan kuɗi ake sanar da buƙatar halal. Alƙibla kuwa takan sauya da juyawar jirgi, sai ka duba taswirar da ke talabijin ɗin ɗakinka.

Wanda bai taɓa yi ba nakan ce ya fara da kogin Nilu, daga Luxor zuwa Aswan ko akasin haka, kwana uku ko huɗu. Ƙasa ɗaya, biza ɗaya, babu igiyar ruwa mai tayar da zuciya, kana zaune a saman jirgi kana kallon gonakin rake da dabino, a tsaya Edfu da Kom Ombo. A je tsakanin Oktoba da Afrilu, don zafin Aswan a tsakiyar shekara ba na wasa ba ne.

A kowace tasha akwai allo a bakin tsani da ke nuna lokacin dawowa, da agogon jirgi ake aiki, ba na gari ba. In da motar kamfani ka fita yawo, za a jira ka. In da tasi ka fita da kanka ka tsaya ciniki a kasuwa, jirgi zai tashi, kai za ka nemi hanyar cim masa a tasha ta gaba da kuɗin aljihunka.